Minti na Goma Sha Bakwai

Ruwa na dukan kwanon rufi a Achao
kamar yadda ya saba tun ba a haife ni ba.
Mu biyar a ɗakin malamai, murhun itace na huci.
Griselda ta tsallako da jirgin ruwan safe,
rigarta sharkaf, kwamfutarta a bushe.
Ta ce: "Yau ke za mu kalla, Ermelinda."

Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli,
ban taɓa ganin ƙeyata ba.

To, ga ta nan. Furfura ta cinye rabinta.
Ga wata mata sanye da rigata, da takalmana,
tana zuba kamar wadda jirgi zai bari a gaɓa.
Ashe wannan ce muryata?
Sau tara ta ce "kun gane ko?"
ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba.
Heriberto ya tusa kai cikin kofin shayinsa,
ya san mako mai zuwa tasa ƙeyar ce.

"Ba shari'a muka zo yi ba," in ji Griselda,
"ƙirge kawai za mu yi:
daga tambaya zuwa amsa, daƙiƙa nawa?"
Matar ta ce: dankali bakwai, mutum biyu, yaya ke nan?
Muka ƙirga. Ɗaya. Biyu.
Kafin uku ta amsa wa kanta,
har tana yi wa allo murmushi.

Ni ba ƙirgen ya tsayar da ni ba.
Na ce, dakata. Mayar baya kaɗan.

Minti na goma sha bakwai, can kusurwa, gindin taga,
Nehuén ne, ɗan mai nutso a kejin kifi,
wanda na rubuta wa uwarsa da jan biro
cewa jikinsa na aji, hankalinsa na teku.
Hannunsa ya fito daga ƙarƙashin tebur
sannu, kamar katantanwa na gwada iska.
Ya kai ƙirji. Ya kai kafaɗa.
Matar ta juya ga allo.
Hannun ya zarce kunne, ya ɗan sosa,
wai dama abin da ya kawo shi ke nan.

Sau uku muka kalla.
Sau uku ta juya masa baya,
ina zaune, na kasa ce mata waiwaya.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.
Nawa tudun, na'ura mai ƙafa uku ta hango shi,
ba ta tsawata ba, ba ta yi gulma ba,
ta dai ƙi ƙifta ido inda na ƙifta.

Na bi bakin teku zuwa gida, lema a naɗe.
Hannu nawa, a shekara ashirin da shida,
ya tashi neman ni, ya ƙare a kunne?

Washegari babu Griselda, babu kyamara.
Na sake jefa tambayar,
na dafe allin a tafina, na cije harshe.
Uku. Huɗu.
Shirun ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Ina jin ɗigon rufi na faɗawa bokiti.
Millaray ta dube ni, ko ba ni da lafiya.
Bakwai. Gwiwata na rawa.
Takwas.

Ya wuce kafaɗa. Ya wuce kunne.

"Kowa ya ɗauki uku," in ji shi,
"na bakwai ɗin a shuka."

Aji ya kece da dariya.
Ba haka yake a littafi ba.
Na ja kujera na zauna, allo a bayana,
na ce: to, in ya tsiro fa, Nehuén?

Wannan babu wanda ya ɗauka.
Sai dai ku yarda da ni.